Kowa Ya Bar Gida, Gida Ya Bar Shi

Darasi domin iyalai, da zumuntar mata, da taron dattibai

Darasinmu na wannan wata a kan zaman iyali ne, musamman gidan da mai-gida ya tafi neman kuɗi ya daɗe bai komo ba. Za mu ɗauki ƙasar Gwandu da Kalgo, cikin Jihar Kebbi, mu yi misali da ita, gama abin da ke faruwa can yana faruwa a garuruwa da yawa na ƙasar Hausa, har cikin ekklesiyoyinmu. Kafin a shiga darasin, bari mai-koyarwa ya sa a karanta Littafin Rut, sura ta 1, domin za mu komo gare ta a gaba.

1. Gandu da Gwandu

An ce sunan Gwandu daga kalmar nan "gandu" ya fito, domin wurin a dā gandun Kanta ne, sarkin nan da ya kafa mulkin Kabi cikin ƙarni na 16. Daga baya, cikin 1805, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa suka zauna can. Ƙanensa Abdullahi shi ya riƙi ƙasashen yamma, Gwandu ta zama mazaunin mulkinsu, hubbarensa kuwa yana nan cikin garin. A zamanin Turawa aka mai da gidan sarauta Birnin Kebbi, amma har yau Sarkin Gwandu a ke ce da sarkin.

To, ba sarki kaɗai ke da gandu ba. Talaka ma yana da nasa. A cikin gandu, uba da 'ya'yansa maza, har waɗanda suka yi aure, gona ɗaya su ke nomawa, rumbu ɗaya su ke zuba hatsi, tukunya ɗaya a ke dafa musu. Tun da safe har rana ta take tsaka aikin gandu ne. Da yamma kowa ya kan tafi gayaunarsa, watau 'yar gonar da ya ke nomawa domin aljihun kansa. Mai-gida shi ke ciyarwa, shi ke biyan haraji, shi ke sayen fartanya da garma, shi ke yi wa saurayi auren fari. Idan uba ya rasu, sau da yawa babban wa ya kan riƙe gandun.

Ba mu ce zaman gandu ba shi da aibi ba. Akwai uban da ya kan danne 'ya'yansa, akwai facaloli da ba su ga maciji da juna. Amma abu ɗaya ya tabbata, ba a barin mace da yara su kaɗai. Ko mijinta ya yi tafiya, akwai suruki a zaure, akwai ƙanen miji a gona, akwai kaka a tsakar gida.

2. Cin rani na dā

Damina a ƙasar Gwandu gajeruwa ce, wajen wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. Idan an girbe gero da dawa, an roro wake, sai aikin tudu ya ƙare. Saboda haka tun zamanin kakanni maza su kan fita cin rani. Ma'anarsa a fili ta ke: mutum ya tafi ya ci abincinsa a wani wuri, domin hatsin rumbu ya kai iyali har sabuwar kaka. Da Turawa suka ci ƙasar Sakkwato cikin 1903, suka sa a riƙa biyan haraji da tsabar kuɗi, sai masu-fita suka ƙara yawa. Waɗansu suka nufi gonakin koko na ƙasar Yarbawa, waɗansu Kumasi da Ankara, waɗansu haƙar kuza a Jos, waɗansu kuma dakon gyaɗa da auduga a Gusau.

Cikin ranin 1952 zuwa 1953 aka ƙidaya matafiya a kan hanyoyi da mashigan ruwa na Lardin Sakkwato, wanda Gwandu ke cikinsa a lokacin. Aka iske fiye da mutum 250,000 sun wuce, mafi yawansu mutanen lardin, waɗansu kuwa daga ƙasar da a ke kira Nijar yau. Kun ga ke nan tafiya ba baƙuwa ba ce gare mu, ba kuwa zunubi ba ce. Mai nema yana tare da samu.

Amma ku lura, cin rani na dā yana da ƙa'idodinsa. Na fari, yana da lokaci. A kan fita bayan kaka, a komo kafin sharar gona. Wanda ruwan shuka ya sauka bai iso ba, gari duka zai tambayi lafiyarsa. Na biyu, yana da amana. Mai-tafiya ya kan bar iyalinsa a hannun uba ko wa, kowa kuwa ya san wanda aka bar wa. Na uku, yana da ayari. Mutanen gari ɗaya su kan tafi tare, da babba a cikinsu, su sauka a zango wurin mai-masaukin da aka sani. Idan saurayi ya fara lalacewa a Badun ko Kumasi, labari ya kan riga shi isowa gida. Sa'an nan galibi samari da ƙananan magidanta ke fita, dattijo yana nan a ƙofar gidansa.

3. Abin da ya sake

Yau ma a na fita, har fiye da dā. Motoci su kan cika a Jega, su bi ta Koko, da Yawuri, da Kwantagora, su haye Kwara a Jebba, har Ilori da Badun da Ikko. Waɗansu kuma Abuja su ke nufa. Can su kan yi acaba, ko gadi, ko ga-ruwa, ko dako a kasuwa, ko yankan farce, ko jari-bola. Abin da ya sake shi ne komowa. Ga dalilai kaɗan.

Gona ta ƙanƙance. Gonar da ta ciyar da gida ɗaya, aka raba ta gado ga 'ya'ya biyar, su ma suka haifi nasu, aka sake rabawa. Abin da ya kai hannun jika ba ya ciyar da shi wata shida. Gandu ya watse, kowane saurayi da ya yi aure ya ware tukunyarsa. Sa'ad da ya tashi tafiya, ba wanda ke da nauyin matarsa.

Bukatar kuɗi ta yawaita. Taki kuɗi ne, maganin feshi kuɗi ne, man inji kuɗi ne, haka kuma asibiti, da kayan makaranta, da katin waya. Ga masifu kuma bi da bi. Cikin daminar 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa na Jihar Kebbi, aka ce wajen hekta 450,000, manoma da yawa suka tashi da bashi ba amfani. Ran 29 ga Mayu 2023 gwamnati ta janye tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500. Kuɗin mota ya tashi tare da ita. Mutumin da ya kan zo gida sau uku a shekara, sai ya koma sau ɗaya.

Aikin birni bai san damina ba. Mai-gadi idan ya bar ƙofa wata uku, wani zai gaje ta. Ɗan acaba da ya karɓi babur bashi, dole ya kai kuɗi kowane mako, ko ruwa ya sauka a Gwandu ko bai sauka ba. Aikin kuwa ba shi da tabbas. An hana acaba cikin birnin Abuja a 2006, a Kano a 2013, a manyan unguwannin Ikko a 2020 da 2022. Wanda aka ƙwace wa babur, kunya ta kan hana shi komowa hannu wofi. Ya ce bari ya ƙara shekara ɗaya ya farfaɗo, shekara ɗaya ta zama uku.

Sa'an nan ga waya. Tun 2001 da wayar hannu ta shigo Nijeriya, mutum yana iya jin muryar matarsa daga Agege, ya aika da kuɗi ta karɓa wurin mai POS ran kasuwa. Wannan alheri ne, muna godiya dominsa. Amma akwai ruɗi a ciki. Mutum ya kan ga tun da shi ke ya buga waya, ya kuma aika da kuɗi, ya sauke nauyinsa duka. Kakanninmu kuwa sun ce zumunta a ƙafa ta ke.

4. Misalin gida ɗaya

Bari mu yi misali da gida ɗaya. Ba wani mutum mu ke nufi musamman ba, gama irin gidan nan suna da yawa.

Wani magidanci ya tashi bayan kaka, ya ce wa matarsa zai komo kafin shuka. Ya bar ta da tsohuwarsa, da ɗa mai shekara 12, da 'ya mai shekara 9, da jinjiri a goye. Mutumin kirki ne, ba ya sha, ba ya caca. Kowane wata yana aikowa da abin da ya samu. Damina ta fari ta wuce, ta biyu ta wuce. Ran nan matar ta ce masa a waya, "Mai-gida, yaron nan ya daina zuwa makaranta, tasha ya ke wuni, ba ya shigowa sai dare ya raba." Ya ce, "Ki bar shi, in na zo zan yi maganinsa." Ta miƙa wa yaron waya. Yaro ya ce, "Baba, ina wuni." Uba ya ce, "Ka riƙa jin maganar uwarka." Yaro ya ce, "To." Kati ya ƙare.

Bayan damina ta uku ya komo, da buhun shinkafa, da turmin atamfa, da takalma ga kowa. Takalmin babban ɗan ya yi masa kaɗan, gama uban da ƙafar shekara 12 ya auna. Ƙaramin ya ɓuya bayan zanen uwarsa yana leƙen baƙo. Da dare uban ya kira babban, ya zaunar da shi, ya yi ta faɗa a kan makaranta da abokan banza. Yaro ya sunkuyar da kai har aka gama. Sa'an nan ya ce, "Baba, yaushe za ka koma?"

Mai-karatu, ka auna wannan tambaya. Yaron bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Amma ya gaya wa ubansa cewa shi baƙo ne, faɗan baƙo kuwa a kan jure shi ne kwana biyu har ya wuce.

5. Su wa ke ɗaukar kayan?

Mace ita ce ta fari. Ita ke gona, ita ke jinyar tsohuwa, ita ke zuwa wurin mai-kanti neman bashi idan aike ya yi jinkiri. Idan ta yi magana da wani namiji a kan taki ko kuɗin inji, bakin mutane ya hau ta. Idan ta yi shiru, gona ta mutu. Ga ta da aure, amma zamanta kamar na gwauruwa. A wurin maƙwabtanmu Musulmi, macen da miji ya bari ba ci ba sha tana iya kai ƙara gaban alƙali. Tamu kuwa sau da yawa ta kan haɗiye, domin tana tsoron a ce ta tona asirin gida.

Yara maza su ne na biyu. Yaro mai shekara 13 ko 14 ya fi ƙarfin tsawar uwa, yana kuwa neman namijin da zai yi koyi da shi. Idan bai same shi a gida ba, zai same shi a tasha. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Binciken da aka yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya cikin 2018 ya nuna mutum fiye da miliyan 14 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da kayan maye cikin shekara guda. A watan Mayu na 2018 gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, domin samari da 'yan mata sun mai da shi abin sha. Ga tiramol kuma, wanda yaro ya kan fara sha wai domin ya sami ƙarfin aiki, daga baya ya kasa tashi sai da shi. Waɗannan abubuwa ba su tsaya a birni ba, sun shiga ƙauye.

'Yan mata su ne na uku. Idan kuɗi ya kasa, 'ya mace a kan fara cirewa daga makaranta, a aza mata faranti ta tafi talla a bakin hanya, inda manyan motoci ke tsayawa. Ko kuwa a ba da ita aikatau a wani birni, wurin mutanen da iyayenta ba su taɓa gani ba. Ko a gaggauta yi mata aure domin a rage baki. Dokar ƙasa ta 2004 ta ce kowane yaro, mace ko namiji, ya yi karatun shekara 9 kyauta, wajibi ne kuma. Amma doka ba ta shiga gida ta tashi yarinya da safe, sai iyaye.

Tsofaffi su ne na huɗu. Tsohon da ya yi ƙuruciyarsa yana noma wa ubansa, yana sa rai 'ya'yansa za su noma masa, yau ga shi da fartanya a hannu, ga jikoki. Waɗansu su kan mutu a binne su, ɗa bai iso ba.

Kada kuwa mu manta da mai-tafiyar kansa. Kada mu yi tsammani daɗi ya ke ji. Da yawa suna kwana mutum takwas ko goma a ɗaki ɗaya, waɗansu a rumfar kasuwa, waɗansu a kan babur. Ba mai dafa masa, ba mai tambayarsa inda ya kwana. Kaɗaici jaraba ce babba. Nan ne wani ya kan ajiye wata mace, aike ya fara raguwa, waya ta fara ƙin shiga. Wani ya kan komo da ciwon da zai sa wa matarsa, ita da ba ta je ko'ina ba.

6. Mu ma muna ciki

Watakila wani mai-bi zai ce, "Wannan zancen manoman Gwandu ne, ni ma'aikaci ne." Ɗan'uwa, dakata. Tun ran 27 ga Agusta 1991 da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, ma'aikata suka yi ta zuwa Birnin Kebbi. Cikin 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda ke cikin ƙasar Kalgo, ga kuma babban asibitin jiha a nan Kalgo. Malaman makaranta, da ma'aikatan jinya, da 'yan sanda, da sojoji, da masu-sana'a sun zo daga Zuru, da Yawuri, da Filato, da kudancin Kaduna. Da yawa cikinsu su ne ke cika kujerun majami'unmu ran Lahadi. Mu tambaye su, ina iyali? Sau da yawa amsa ita ce, "Suna gida."

Ashe hanyar nan biyu ce. Mutumin Gwandu ya bar iyalinsa ya tafi Ikko, mutumin Zuru ya bar nasa ya zo Kalgo. Mai-albashi ma ɗan cin rani ne, riga ce kawai ta bambanta. Yanzu kuma har mata suna ciki: uwa tana aikin jinya a wani gari, uba yana koyarwa a wani, yara suna wurin kaka a gari na uku. Akwai dattijon ekklesiya mai-himma, ba ya fashin taron addu'a, amma bai san ajin da 'yarsa ta ke ba. Saboda haka kada mu nuna kowa da yatsa. Darasin nan namu ne.

7. Abin da Littafi ya nuna mana

Mu komo ga Rut, sura ta 1. Yunwa ce ta fitar da Elimelek daga Baitalami zuwa Mowab. Littafi bai zarge shi domin ya fita neman abinci ba, mu ma kada mu zargi wanda yunwa ta kora. Mu lura da abu biyu. Ya tafi tare da matarsa da 'ya'yansa, bai bar su baya ba. Kuma zaman baƙunci ya tafi yi, amma iyalin suka yi wajen shekara goma can, shi kansa bai ƙara ganin garinsu ba. Ba mai-tafiyar da ya san ranar komowarsa tabbas. Domin wannan, abin da ya kamata uba ya koya wa ɗansa, kada ya ajiye shi sai ya dawo.

Sa'ad da Na'omi ta komo hannu wofi, me ya tsirar da gidan? Surukarta Rut ta manne mata, ta ƙi rabuwa da ita. Shari'ar Isra'ila ta bar wa matalauta kala a gonaki. Bo'aza kuma, dangin mijinta, ya yarda ya ɗauki nauyin da ke kan dangi. Watau gidan da ya rasa namiji bai faɗi ba, domin jama'a suna da shiri dominsa. Irin aikin da gandu ya kan yi ke nan a dā. Yanzu da gandu ya watse, wa zai tsaya a wurinsa idan ba ekklesiya da maƙwabta ba?

A karanta kuma 1 Sama'ila, sura ta 2 da ta 3. Eli bai tafi cin rani ba, yana nan tare da 'ya'yansa kullum. Ya ji muguntarsu, ya yi musu magana, amma bai hana su ba, gidansa kuwa ya lalace. Wannan gargaɗi ne ga wanda bai yi tafiya ba. Mutum yana iya kwana a gida kowane dare, amma ya wuni a majalisa, ya shigo ido a kan waya, yara ba su sami ko kalma goma daga bakinsa ba. Shi ma ya bar gida.

A 1 Timoti, sura ta 5, Bulus ya yi magana mai-nauyi ƙwarai a kan mai-bi da ba ya kula da mutanen gidansa. Mu kan ji wannan mu tuna da kuɗi kaɗai. Lalle kuɗi yana ciki, wanda ya bar iyalinsa da yunwa ba shi da hujja. Amma makiyayin da ya aiko da dusa daga nesa, bai zo ya duba garke ba, ba za a ce ya yi kiwo ba.

8. Me za mu yi?

Ba za mu ce kada kowa ya yi tafiya ba, gama wannan maganar ƙoshi ce. Abin da mu ke roƙo shi ne a komo da ƙa'idodin nan uku na dā, lokaci, da amana, da ayari, a daidaita su da zamanin yau.

Kafin a tashi. Miji da mata su zauna su yi lissafi tare. A rubuta abin da a ke sa ran samu a birni, a cire kuɗin ɗaki, da abinci, da mota zuwa da komowa, da kwanakin ciwo. A gwada abin da ya rage da abin da noman rani zai bayar. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, ya sauka Gwandu cikin 1853, ya yaba albasarta. Har yau albasar Gwandu da Aliero tana cika motoci zuwa Kurmi, fadamun Kalgo da Bunza kuwa suna ba da shinkafa da rani. Ba mu ɓoye wahalarsa ba: mai yana da tsada, albasa ta kan faɗi warwas lokacin da kowa ya cire, ta kan ruɓe a ajiya. Amma mutum huɗu ko biyar suna iya haɗa adashi su sayi injin ban-ruwa ɗaya. Riba kaɗan a gaban 'ya'yanka, wani lokaci ta fi riba mai-yawa a bayansu.

Idan lissafi ya nuna sai an tafi, a sa ranar komowa, a faɗe ta a gaban shaida, ko dattijon ekklesiya ko babban dangi. A bar hatsi a rumbu, kada a bar alkawari kaɗai. A gaya wa mace dukan bashin da ke kan gida, da wanda a ke bin waɗansu. Waya ta zauna a hannunta, aike kuma ya zo da sunanta, kada ya bi ta hannun wani har ta riƙa roƙon abin da ke nata. A naɗa wakili da sunansa, a kira yara a gabansa a ce, "Ga babanku har in komo." Wanda aikinsa na shekaru ne, kamar ma'aikacin gwamnati, ya yi iyakar ƙoƙari ya ɗauko iyalinsa, ko ɗaki ɗaya ne.

Sa'ad da a ke can. A sa rana da sa'a ta buga waya, a yi magana da kowane yaro shi kaɗai, a tambaye shi abin da ya koya da wanda ya ke yawo da shi. A karɓi lambar malaminsa. A nemi wasiƙa daga pasto, a kai wa ekklesiyar garin da aka sauka tun makon fari, domin a sami masu-tambaya idan ba a gan ka ba. A zauna tare da mutanen da suka san gidanku. A komo lokacin shuka, ko Kirsimati, ko da kuɗin mota zai cinye ribar wata guda. Wanda kuma ya yi hasara, ya faɗi gaskiya ya komo. Matarka ta fi son ganinka hannu wofi da ta riƙa jin waya a kashe. Wanda ya san ya yi rashin aminci, ya tuba, ya je asibiti a gwada jininsa kafin ya shiga ɗakin matarsa. Rigakafi ya fi magani.

Aikin ekklesiya. Dattibai su san kowane gida da mai-gida ba ya nan, su rubuta. A riƙa ziyara, amma namiji kada ya tafi shi kaɗai, ya tafi da matarsa, domin kada taimako ya zama abin gulma. Zumuntar mata ta zama wurin da mace za ta faɗi damuwarta ba tare da ta ji ta a kasuwa gobe ba. Shugabannin matasa su jawo yaran nan, masu-sana'a su ɗauke su koyon aiki. Da damina a yi gayya a gonar wadda ba ta da mai-noma. Kada kuma alherinmu ya tsaya a ƙofar majami'a. Idan yaron maƙwabci Musulmi ne mu ka gani yana lalacewa, mu gaya wa danginsa ko mai-unguwa cikin ladabi, su ma mu roƙe su su gaya mana namu. Ɗa na kowa ne.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne ƙa'idodi uku ne cin rani na dā ya ke da su? Wace ce ta fi ɓacewa a garinku?

2. Me yaron nan ya ke nufi da ya tambayi ubansa ranar komawa? Da kai ne uban, me za ka amsa?

3. Ina bambanci tsakanin Elimelek da Eli? Wanne ka fi kama da shi?

4. Gida nawa ne cikin ekklesiyarku da miji ko mata ke zaune a wani gari? Wa ya ziyarce su cikin watan nan?

5. Kai da ke aiki nesa da gida, yaushe rabonka da cin abinci a kwano ɗaya da 'ya'yanka?

Bayan tattaunawa, a ambaci matafiyan ekklesiya ɗaya ɗaya da sunayensu, a yi addu'a dominsu, da matansu, da 'ya'yansu. Kafin a tashi, a zaɓi mutum biyu da za su kai ziyara ta fari cikin makon nan. Ubangiji ya kiyaye masu-fita, ya komo da su lafiya, ya riƙe waɗanda ke jira a gida. Amin.